Raddi Ga Masu Cewa Bindigar Iska Kayan Wasa Ce

Akwai wata magana da ta zauna a bakin jama'a a Jibiya da kewayenta, daga Magama har gonakin noman rani na bakin dam. Idan aka ga saurayi ya rataya bindigar iska zai tafi lambu, ko uba ya sayo wa ɗansa ita don korar tsuntsaye, wani ya nuna damuwa, amsar da ake ba shi guda ce: "Haba Malam, ai ta iska ce. Ba albarushi, ba wuta. Wasan yara ne." Masu faɗin haka mutanen kirki ne. Da yawansu manoma ne da tsuntsu da ɓera suka addaba. Wasu iyaye ne da ke ganin gara yaro ya shagala da harbin gwangwani da ya bi abokan banza. Wasu kuma dattawa ne da suka ga aikin bindigar gaske da idonsu a waɗannan shekaru na tashin hankali, har duk abin da bai kai ta ba ya ƙanƙance a wurinsu. Ina girmama su, na kuma san inda maganar ta samo asali. Amma ban yarda da ita ba, ina roƙon a ba ni aron kunne in faɗi dalilaina.

Bari in fara da inda suka yi gaskiya. Bindigar iska ba ta cin albarushi. Ƙararta ba ta kai ta adaka ba, balle ta soja. Harsashinta ɗan guntun dalma ne: mai faɗin milimita 4.5 nauyinsa kusan rabin giram, mai milimita 5.5 kuma kusan giram guda. Ba a tarar ɗan bindiga da ita, kuma duk wanda ya saye ta da niyyar tsaron gida ya yaudari kansa, ya jefa iyalinsa cikin haɗari. Duk wannan haka yake. Inda muka raba hanya shi ne cewa wai ƙarancin ƙarfinta ya fitar da ita daga sahun makamai.

Mu ɗauki irin wadda aka fi sani, mai karyawa. Za ka kafa gindinta a cinya, ka kama bakin bututun ka janyo shi ƙasa har ka ji ta ce ƙas. Wannan ƙarfin da ka zuba, wanda yaro sai ya yi nishi kafin ya iya, yana nan ajiye a cikin wani ƙaƙƙarfan sifirin da ka matse. Da ka taɓa kunama sai sifirin ɗin ya saki, ya turo iska ta wata 'yar ƙofa, iskar ta fizgi dalmar ta fitar da ita da gudun mita 150 zuwa 300 a cikin daƙiƙa guda. Ajiye gwangwanin madara a taku goma ka gwada. Sannan ka ɗauko shi ka duba yadda ƙarfen ya tsage ya lanƙwashe ciki a wurin da ta shiga, sau da yawa ma har ta ɓulle ta baya. Ido bai kai gwangwani tauri ba, haka maƙogwaro, haka gefen kan yaro inda ƙashin ba shi da kauri. Gudun da bai kai rabin na dalmar nan ba ya isa ya fasa ido. Hausawa suka ce raina kama ka ga gayya.

Waɗanda suka ƙirƙiro ta ma ba su taɓa ɗaukar ta wasa ba. Wajen 1780 sojojin Ostiriya suka karɓi wata bindigar iska da wani gwanin ƙira mai suna Girandoni ya yi, mai ɗaukar harsashi kusan 20, aka shafe fiye da shekara 30 tana hannun rundunar. A zamaninmu kuwa, a 2005 a birnin Glasgow na Sikotilan, harsashin bindigar iska ya sami wani yaro ɗan shekara 2 a ka, ya rasu. Wannan rashi yana cikin abin da ya sa majalisar yankin ta yi doka, tun daga ƙarshen 2016 ba mai riƙe bindigar iska a can sai da takardar izini. A Jamus duk wadda ƙarfinta ya wuce jul 7.5, wato ma'aunin ƙarfin da harsashi ke fita da shi, sai da lasisi. A Ingila iyakar kusan jul 16 ce. Da yawa daga cikin waɗanda ake tallar su da sunan masu ƙarfi sun zarce waɗannan iyakoki.

Tun kafin dokokin Turawa, addininmu ya riga ya ja kunne. A hadisin Abdullahi ɗan Mugaffal da Buhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana cilla tsakuwa da yatsu, kuma dalilin da ya bayar shi ne babu amfanin farauta ko na yaƙi a cikinta, sai dai ɓarna ga ido da haƙori. Idan tsakuwar da yatsa ya cilla ta sami wannan hani saboda ido, ina ga dalmar da ke cin mita 200 a daƙiƙa? Haka nan ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, don bai san lokacin da hannunsa zai kuɓuce ba. Yaron da aka gaya masa cewa abin da ke hannunsa wasa ne, babu abin da zai hana shi nuna ƙanensa da shi yana dariya.

Sai batun doka, wanda mutane da yawa ba su sani ba har sai sun shiga hannu. Dokar Makamai ta Najeriya, wadda aka kafa tun 1959 kuma har yau take aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, irin na yaƙi. Akwai na gargajiya masu ɗuri ta baki, irin su adaka. Akwai kuma na tsakiya, waɗanda mutum zai iya mallaka da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda, kuma a wannan rukuni aka ambaci bindigar iska da sunanta, kafaɗa da kafaɗa da bindigar farauta mai baki biyu. Riƙe ta ba lasisi laifi ne da kan iya kai mutum ɗaurin da ya kai shekara 5. Dokar ta kuma hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba lasisi. Ke nan uban da ya miƙa wa ɗan shekara 12 ita ya tura shi gona shi kaɗai, ya saɓa wa doka ta fuska biyu. Ƙaramar ta hannu kuwa, wato fistol ɗin iska, tana cikin jerin kayan da Hukumar Kwastan ta haramta shigowa da su ɗungurungum. A 2023 ma Sufeto Janar na wancan lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da bayar da sababbin lasisin bindiga, saboda haka duk mai niyyar saye, hedikwatar 'yan sanda ta Katsina ce zangonsa na farko kafin kasuwa.

Wannan magana ta fi nauyi a Jibiya fiye da wurare da yawa, domin mu a bakin iyaka muke. An rufe iyakar nan a 2019, aka buɗe a 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, aka buɗe a Maris ɗin 2024. Wannan rufe-buɗe ya saba wa mutane da bin ɓarauniyar hanya da kaya. Amma buhun shinkafa daban, makami daban. Ko me mai sayarwa ya gaya maka a Maraɗi ko Ɗan Isa na Nijar, da ka tsallako iyaka ta Magama dokar Najeriya ce a kanka, kuma shigo da bindigar iska ba izini, ba a nuna wa kwastan ba, fasa-ƙwaurin makami ne a idon hukuma.

Akwai abin da ya fi ɗauri ban tsoro. Bindigar iska ta zamani, musamman baƙa mai madubin saiti a kai, daga nesa ba ta da maraba da ta gaske. Hanyar Katsina zuwa Jibiya cike take da shingayen bincike. Ga sojoji, ga 'yan sanda, ga jami'an tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023, ga 'yan banga na ƙauyuka waɗanda aka sha kai wa hari da dare. Mutumin da ya hango saurayi da almuru yana fitowa daga cikin dawa da dogon abu a kafaɗa, ba shi da lokacin tambaya ko ta iska ce ko ta wuta. A ƙasar da ɗan bindiga ya hana mutane barci, kamannin makami kaɗai ya isa ya jawo ajali. Wannan kaɗai ya isa uba ya sake tunani.

Yanzu in juya ga wanda ya cika sharuɗɗa, ya sami izini, yana kuma da buƙata ta gaskiya, ko don koyon saiti ko don kare amfaninsa. Shi ma wannan raini yana cutar da shi, domin abin da aka raina ba a tsayawa a zaɓe shi. Sai mutum ya tambayi abu biyu kawai: nawa ce, kuma wacce ta fi ƙarfi? Masu kamfani sun san da haka, shi ya sa suke buga manyan lambobi a jikin kwali, ƙafa 1,000 ko 1,200 a daƙiƙa. Sau da yawa da harsashi marar nauyi, wanda ba na dalma ba, suke samun wannan lamba. Kuma gudun sauti kusan mita 340 ne a daƙiƙa. Harsashin bindigar iska, mai siririn ƙugu da buɗaɗɗen gindi, idan ya kusanci wannan gudu sai ya fara tangaɗi ya bar hanya. Ƙarfin da ya wuce kima yana rage saiti, yana ƙara girgiza, yana kuma kai harsashin da ya kuskure can nesa, gonar maƙwabci ko hanyar masu ɗiban ruwa.

A dubi gwanayen duniya. Tun gasar Olamfik ta 1984 a Los Angeles ake fafatawa a harbin bindigar iska daga nisan mita 10. Ɗigon tsakiyar da suke nema faɗinsa rabin milimita ne, kuma sau 60 kowa zai harba. Da wannan wasa Abhinav Bindra ya samo wa Indiya zinare a Beijing a 2008. Bindigogin da suke riƙewa, masu tsadar gaske, gudun harsashinsu wajen mita 170 ne kawai a daƙiƙa. Abin da suke biya da tsada shi ne kowane harbi ya fita daidai da na bayansa. Nagartar bindigar iska ke nan, ko a filin gasa ko a bakin rumbu.

To yaya mai saye zai gane ta? Ya fara duba sunan kamfani da lambar da aka buga a jikin ƙarfe, domin wadda ba ta da lamba, me za a rubuta a takardar lasisi? Akwai sanannun maƙera irin su Weihrauch da Diana na Jamus, BSA ta Ingila, Gamo ta Sifen da Hatsan ta Turkiyya, amma suna kaɗai bai wadatar ba. Ya karya ta ya ɗaga bututun wajen haske, ya ga tsagin da ke murɗawa a ciki yana nan tsaf, ba tsatsa. Ya rufe ta ya girgiza bututun; in yana motsi ko kaɗan, saiti ba zai taɓa zama ba. Ya duba 'yar robar da ke toshe iska a mahaɗa, ya tabbata makullin kariya yana aiki, ya ji kunamar tana sakuwa a hankali ba sai an fizge ta ba. Daga nan sai gwajin da ba ya ƙarya: a kafa kwali a jikin tudun ƙasa, a ja baya mita 20, a ɗora hannu a kan buhu, a yi harbi biyar a wuri guda. In marfin kwalbar lemo ya rufe ramukan biyar, bindiga ta yi. In sun watsu faɗin tafin hannu, a bar ta ko da kyauta ce, don za ta riƙa raunata dabba ne tana barin ta da wahala. Araha ba ta ado.

Yanayinmu ma yana da ta cewa. Bindiga mai amfani da 'yar kwalbar gas, ƙarfinta yana hawa da sauka da zafin rana, ga shi a watan Afrilu zafin Jibiya yakan haura digiri 40, kwalbar kuma ba a samun ta ko'ina. Mai tankin iska, wadda ake cikawa da famfo na musamman har matsin iskar ya kai 200 a ma'aunin "bar", ita ce mafi daɗin harbi, amma tana da tsada, ƙurar hunturu tana cin robobinta, kuma wanda ya kuskura ya cika ta da iskar masu walda ya haɗa abin da zai fashe a hannunsa. Mai karyawa, matsakaiciyar ƙarfi, ita ta fi dacewa da manomi: ba ta buƙatar komai sai dalma da hannun mai ita. Sai dai tana da ƙa'idodinta. Ba a harba ta ba harsashi a ciki, don hakan yana lalata sifirin da robar. Ba a ɗura mata baƙin mai. Ƙarar da hayaƙin da ake ji bayan an zuba, waɗanda wasu ke ɗauka ƙarin ƙarfi ne, man ne ke kamawa da wuta yana ƙona cikinta. Ba a sa mata ƙusa ko tsakuwa ko ƙwallon boris, domin ƙarfe in ya bugi dutse dawowa yake yi. Lokacin ɗuri kuma hannu ɗaya ba ya sakin bututun, don in ya kuɓuce yatsu ne a bakinsa. Mai son harbin takarda ya ɗauki 4.5, mai fama da gafiya da kurege 5.5 ta fi masa, kuma kada ya wuce mita 25 zuwa 30.

Saura tambayar da ta fi damun manomi: shin tana maganin ɓarna? Tana yi, amma a ƙaramin fage. Gafiyar da ta saba da rumbu guda, kuregen da ke tone gyaɗa, 'yan tantabarun da suka mayar da sito gidansu, waɗannan mai haƙuri da saiti zai iya rage su. Tsuntsun jan-baki kuwa ya fi ƙarfinta nesa ba kusa ba. Ana ƙiyasta kowane tsuntsu yana cin hatsi giram 10 a rana, garken miliyan 2 ke nan zai lashe tan 20 kafin faɗuwar rana. Shi ya sa a Kebbi da Sakkwato da Jigawa da Yobe da Borno sai an kai ga feshi da jirgin sama a inda suke kwana. Mai harbi ɗaya-ɗaya, kafin ya sake ɗuri garken ya koma ɗaya gefen gonar. Igiya da gwangwanaye, da ihun masu tsaro, da haɗa kai a yi shuka lokaci guda don kada gonar mutum ɗaya ta nuna ita kaɗai, sun fi masa amfani.

Ɓera ma haka. Irin mai yawan nonuwa, wanda ke ɗauke da zazzaɓin Lassa da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Borno, cikinsa mako uku ne da 'yan kwanaki, kuma yakan haifi goma ko fiye a lokaci guda. Harsashi ba zai cim ma wannan haihuwa ba. Abin da ke cin ƙarfinsa shi ne a ɗaga rumbu a kan duwatsu, a toshe ramuka, a share ciyawa da shara a kewaye, a zuba hatsi a durom mai murfi, a ɗana tarko, a bar kyanwa ta yi aikinta. Wanda kuma ya harbe ɓera kada ya ɗauka da hannu tsirara, domin cutar tana cikin jininsa da fitsarinsa.

Dalmar kanta guba ce. Arewa ba ta manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga dakan duwatsun zinare ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara. Hanyar ta bambanta, amma ƙarfen guda ne. Yaron da ke tara harsasai a baki don saurin ɗuri, da mai harbi a cikin sito inda guntayen dalma za su faɗa cikin hatsin da za a kai niƙa, duk suna wasa da abin da ke taɓa ƙwaƙwalwar yara, kuma ɓarnarsa ba ta gyaruwa.

Akwai kuma hasarar da ba a lissafawa. Yaron da ya ɗauki abin a matsayin wasa ba ya tsayawa kan mai ɓarna. Duk abin da ya motsa abin bara ne: ƙadangare, kurciya, shirwa, mujiya. Alhali mujiyar nan da ake tsana, kowane dare ɓeraye take ci a gonarka ba ka biya ta ko sisi ba. Addini ya halatta kashe ɓera da duk mai cutarwa, ya kuma yi umarni da a kyautata kisan. Amma ya tabbata cewa Abdullahi ɗan Umar ya tarar da wasu samari sun ɗaure tsuntsu suna gwada harbi a kansa, ya tsawatar musu, ya sanar da su cewa Manzon Allah ya la'anci mai mayar da abu mai rai abin gwajin saiti. Mai son koyo, kwali da gwangwani sun ishe shi.

Kada a fahimce ni da cewa ina ƙin samari su iya harbi. Saiti fasaha ce mai koyar da natsuwa da riƙe numfashi da haƙuri, kuma ƙasar Katsina ƙasar maharba ce tun kaka da kakanni. Amma maharbin gargajiya bai taɓa miƙa wa yaro baka da kwari ya juya baya ba. Sai ya bi shi daji shekaru yana kallon hannunsa. Haka ya kamata a yi da wannan. Babba mai izini ya tsaya a kai, a harba wajen tudun ƙasa ko katangar laka mai kauri, a tabbata ba mutum ba dabba a bayan abin da ake nema, kowa ya tsaya bayan mai harbi, bakin bindiga ya kalli ƙasa ko da an san ba komai a ciki. In an gama a kulle ta, a ajiye dalmar a wani wuri daban inda yara ba sa kaiwa.

Ina kira ga iyayena da 'yan'uwana na Jibiya, da masu unguwanni da limamai da shugabannin ƙungiyoyin manoma, mu daina cewa wasan yara ne, musamman a gaban yaran. Wanda yake da ita ba takarda, ya je ya nemi shawarar hukuma tun kafin a same shi da ita a shinge. Wanda yake shirin saye, ya fara da izini, ya zaɓa da gwaji, ya kuma san iyakar abin da za ta yi masa a gona. Wanda ɗansa bai kai shekara 17 ba, ya karɓe ta daga hannunsa yau. Allah ya tsare mana idanunmu da 'ya'yanmu, ya albarkaci amfanin gonarmu, ya dawo mana da zaman lafiya a iyakarmu.